Ƙofar da ke Kallon Lungu

Warin jan fenti ne ya tare ni tun kafin idona ya ga komai. Na taso daga makarantar da nake koyarwa da azahar, na ƙi bi ta ƙofar gida, na zagaya ta lungun baya don in ga inda Malam Audu magini ya kai da ɗakin Inna. Haka nake yi kullum a kwanakin nan. Ina son ƙanshin bulon da aka yayyafa wa ruwa, yana tuna mani da ƙasar Birchi in an yi ruwan farko. Ran nan kuwa wani wari mai kaifi ya danne shi. Da na ɗaga kai sai na ga an ja layi biyu masu ratsa juna da jan fenti a jikin sabon bangon, daidai gefen gurbin da aka bari na ƙofa. Fentin bai ma bushe ba, yana gangarowa siriri. A ƙarƙashi an rubuta a dakata da aiki, a zo ofis.

Malam Audu yana zaune kan buhun siminti, ya ajiye cokalin gininsa, yana cin goro.

"Malama, sun zo," ya ce. "Mutum biyu, da babur da gwangwanin fenti. Ba su yi faɗa ba, har sannu da aiki suka yi mani."

"To me muka yi?"

"Ni dai na gaya ma maigida tun ranar da muka ja igiya. Ɗaki daban, ƙofar waje daban. In ka huda bango ya kalli hanya, ai ka kira mutane."

Ummi, ke da ƙannenki kun sha tambayata abin da ya sa gidanmu yake da lamba biyu, ɗaya a ƙofar zaure, ɗaya a ƙaramar ƙofar baya. Na kuma san kin ji a wurin wani biki ana cewa hukuma ce ta so ta rushe ɗakin kakarku, wata kuma ta ce a'a, kakarku ce ta raina gidan babanku. Duka biyun ba haka ba ne. Ba wanda ya so rushe komai, Inna kuwa ba ta taɓa raina kowa ba. In akwai wanda ya kusa ɓata al'amarin, ni ce, kuma gara ki ji daga wurina.

Shekarar nan kina goye. Kakanku ya rasu tun damina biyu da suka wuce, Inna tana zaune ita kaɗai a soronta na ƙasa a Birchi, da awakinta da 'yan kajinta. Mu biyu ta haifa, ƙanena bai yi rai ba, saboda haka ni kaɗai gare ta. Yanar ido ta fara rufe mata gani, tana ganin haske da inuwar mutum, amma ba ta gane fuska sai ta ji murya. Bangon soron na gabas ya tsage tun daminar bara, tsaga mai tsawo da za ki iya zura hannu. Ƙanenta, Kawu Buba, ya tokare shi da gungume biyu, ya ce mana ƙarara bangon ba zai iya ɗaukar wata daminar ba.

Ga wanda bai san Inna ba, maganar mai sauƙi ce: a ɗauko ta a kawo Dutsin-Ma. Amma Inna 'yar Fulani ce da Fillancin ya tsere daga bakinta, kunyar ta zauna. Ni 'yar fari ce, tunda ta haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba. In tana so ta ambace ni sai ta ce "mutuniyar Dutsin-Ma", in kuma ina kusa sai ta yi maganar da wani, ni in tsinta. Babanku kuwa, ba ta taɓa cin abinci yana wurin ba, ba ta taɓa haɗa ido da shi ba. Ko ranar sunanki da ta zo, a gidan maƙwabta ta kwana. Da Kawu Buba ya kai mata maganar ta dawo wurinmu, amsar da ya kawo gajera ce.

"Ta ce ita ta shiga ta fita ta zauren suruki? Yana zaune da baƙinsa, ta ratsa su da butarta? Ta ce soron ya faɗo mata ya fi mata sauƙi."

Babanku ya juya hularsa a hannu. Daga baya ya tashi ya zagaya bayan gida, inda muke da ɗan fili da bishiyar zogale uku, ya auna da ƙafa. Ya ce za a yi mata ɗaki a nan, da bayinta, da ɗan wurin murhu, da ƙofarta ta kanta da za ta kalli lungu. Ta cikin gida kuma a bar wata 'yar ƙofa, wadda ni kaɗai da yara za mu riƙa bi. Kawu ya koma da wannan, ya dawo ya ce ta yi shiru. A wurin Inna shiru yarda ce.

Ni kuwa na shiga mafarki, kin san halina. Na zana ɗakin a bayan littafin da nake shirya darasi, na sa taga ta kalli gabas don hasken safiya ya riƙa samun idonta. Na shuka lalle a raina a bakin ƙofa. Har wasu 'yan baitoci na rubuta a kan ƙofar da ba a kafa ba tukuna. Abin da bai zo mana ba, daga ni har babanku, duk da karatunmu, shi ne ofis. A Birchi in za ka ƙara ɗaki, maƙwabta kake kira a kwaɓa ƙasa, a dama fura, shi ke nan. Da wannan tunanin muka fara gini a tsakiyar gari.

Ranar da aka shafa fentin ta zo daidai da tafiyar babanku. Washegari da sassafe ya wuce Katsina aikin duba takardun jarrabawa, na sati biyu. Ya ce in je in ji abin da ake bukata, in ya dawo sai a san abin yi. Na goya ki na tafi sakatariyar ƙaramar hukuma. Aka nuna mani ofishin masu kula da gine-gine, na iske wani dattijo, Malam Lawal, da tabarau a ƙarshen hanci da tarin fayil a gabansa. Ya sa aka ba ni kujera, ya tambayi lafiyar yarinya, sannan ya buɗe wani littafi ya nemo unguwarmu.

"Malama, ba wani abin tashin hankali ba ne," ya ce. "Da ɗaki ne kuka ƙara a cikin gida, ƙofarshi na kallon tsakar gida, abin da za ku biya kaɗan ne, yau ma sai ki tahi da takardarki. To amma wannan yana da ƙofar waje, yana da bayi, yana da murhu. A wurinmu wannan gida ne."

"Ɗaki ɗaya ne fa, Malam. Na mahaifiyata."

"Allah ya yi maki albarka. Amma littafin nan bai san mahaifiya ba, ƙofa ya sani. Sai an kawo zane, mu zo mu auna, mu duba kwatar ba za ta zuba ma maƙwabci ba, a ba shi lambarshi. Kuma duk shekara yana da nashi harajin."

Na tambaye shi kwana nawa. Ya ce sati uku, ko huɗu in masu awo sun yi nisa. Ya rubuta kuɗin a 'yar takarda ya turo mani. Da na duba sai na ga daidai yake da abin da muka ware na kwanon rufi, kuma bayansa ba mu da komai. Ta tagar ofishin na hango gabas, wadda kwana biyu ke nan take yin duhu da yamma-yamma. Na tuna tsagar bangon nan da gungumen Kawu.

"In aka toshe ƙofar wajen fa?" na ce.

"To ya koma ɗaki." Ya dube ni ta saman tabarau. "Sai dai wanda ya ce a bar ƙofar nan, ina jin yana da dalili."

Na ji maganar, ban saurare ta ba. A hanyar gida na gama shirya komai a kaina, kuma ya yi mani kyau ƙwarai. A toshe ƙofa, a biya ɗan kuɗin, a sayi kwano, a rufa ɗaki cikin kwana uku. Babanku ba ya gari, Inna za ta shigo ta zaure sau ɗaya tak ba tare da ta gamu da kowa ba. In ta zauna ta ji daɗin ɗakin, ina za ta? Ba kasuwa take zuwa ba. Bayan damina, in mun samu hali, a sake buɗe ƙofar. Akwai kuma wani tunani a ƙasan wannan duka, wanda ban yarda na kalle shi ba a lokacin: ai ba ta gani sosai, wataƙila ma ba za ta lura ba. Da babanku ya kira ya tambaya, na ce masa an warware, ya yi aikinsa da kwanciyar hankali. Ban yi ƙarya ba, ban kuma faɗi gaskiya ba.

Malam Audu ya saurare ni yana sosa ƙeya.

"Malama, da kin bari maigida ya dawo."

"Ruwa ba zai jira shi ba, Malam Audu."

"To. Amma ko na shafe da siminti, tabon zai fito. Sabon shafe da tsoho ba su zama ɗaya."

Ya jera bulo a gurbin ƙofar, ya shafe. Na koma ofis na biya, Malam Lawal ya ba ni rasit. Aka kawo kwano da katako, kafinta ya hau. Rana ta uku da la'asar na tsaya a tsakiyar ɗakin, rufi a kaina, hasken taga a ƙasa kamar an shimfiɗa farin zane. Na ji ni gwana ce. Na aika wa Kawu cewa ɗaki ya kammala, a kawo Inna.

Suka zo ranar kasuwa da hantsi. Na share zaure, na shimfiɗa sabuwar tabarma, na zauna ina jira. Na manta abu ɗaya: tun farko ta lungu aka kwatanta wa Kawu. Ina zaune sai na jiyo muryarsa daga bayan gida yana sallama, yana sake sallama, kamar mai neman inda zai sa muryar. Na fita da gudu na zagaya. Inna tana tsaye gaban bangon, ƙaramar ƙwarya a kanta, ta ɗora tafin hannunta a kan simintin. A hankali take shafawa. Yatsunta suka sami inda sabon shafe ya haɗu da tsoho, suka bi layin sama, suka ratsa, suka sauko ta ɗaya gefen. Ta zana ƙofar gaba ɗaya da hannunta, a gabana.

"Buba, nan ne ƙofar?"

"Nan aka ce mani, Yaya."

"An rufe."

Na durƙusa na gaishe ta, na fara bayani da sauri, ofis, kuɗi, zane, awo, hadari. Maganar tana fita tana karo da juna. Ta bari na gama.

"Buba, ka ce mata ta yi ƙoƙari. Rufi ya yi kyau, ina jin kwanon yana ƙara da rana ta buge shi."

"Inna, ba ya nan fa, yana Katsina. Ki shigo ta zaure, yau kaɗai."

"Yau ba ya nan," ta ce wa bangon. "Gobe fa?"

A lungun ta zauna, kan wani bulo da ya rage. Na kawo ruwa ta sha. Ta karɓe ki ta shafa kanki, ta lalubi kunnuwanki da hancinki, ta ce kin ƙara nauyi. Ta sauke ƙwaryar, man shanu ne da daddawa, ta tura gefena. Ko awa ɗaya ba su yi ba ta ce wa Kawu su tashi kada motar Kurfi da ke bi ta Birchi ta cika. Na raka su bakin titi. Kawu ya ja baya kaɗan ya rage murya.

"Rabi, kin san abin da ya fi cin ranta? Ba zauren ba ne. Da kin aiko kin ce ga halin da ake ciki, da ta ce a jira. Ta ce an yi mata dabara ne don an ga ba ta gani."

Kwanakin da suka biyo baya ban iya kallon sama ba tare da faɗuwar gaba ba, ni da nake fita tsakar gida in tari ruwan farko da fuskata. A makaranta ina rubutu a allo, ido yana taga. Kwana biyar bayan tafiyarsu, da la'asar, iska ta taso, gari ya yi duhu, aka tsuge da ruwa irin wanda ke zuwa a karkace. Na shiga ɗakin Inna goye da ke. Ko ɗigo ɗaya bai zubo ba. Ɗaki busasshe, mai ƙanshin sabon katako, ba kowa a ciki, ita kuma tana can ƙarƙashin soron da na san tsagarsa. Na riƙe wayata ina kiran Kawu, ba ta shiga. Na kira har na daina ƙirgawa.

Sai gab da magariba shi ya kira. Kafin in yi magana ya ce, "Lahiya lau take, ki fara jin wannan." Kusurwar gabas ta zube, ta danne gadonta da randar ruwa. Ita tana waje, ta fita cikin ruwan ta kwance awaki ta kai su ƙarƙashin rumfa. Awakin ne suka fitar da ita. Na zauna a ƙasa inda nake tsaye, ina ta maimaita alhamdu lillahi har kika fara kuka don kin ji ina kuka. Kawu ya ce ya yi ya yi ta koma gidansa ta ƙi, ta share ɗan ɗakin girkinta ta shimfiɗa tabarma a ciki.

Washegari babanku ya dawo. Bai ko cire takalmi ba na gaya masa komai. Ya zagaya lungu, na bi shi. Ya daɗe yana kallon tabon ƙofar, wanda ruwa ya sa ya fito sarai kamar an zana.

"Wa ya ce a toshe?"

"Ni."

"To."

"Ba za ka yi faɗa ba?"

"Faɗan zai buɗe ta?" ya ce. "Aika a kira Malam Audu, ya zo da guduma."

Su biyu suka fasa, babanku da rigar tafiyarsa. Malam Audu yana fitar da bulo yana dariya ƙasa-ƙasa.

"Malam, ƙofar nan ta yi mani rana. Na buɗe an biya ni, na rufe an biya ni, ga shi ina buɗewa. Malama, in akwai shawarar a sake rufewa, gobe ma ina gari."

Na yi dariya da hawaye a fuska, dariyar farko cikin kwana shida.

Da safe babanku ya fita da babur ɗinsa, da azahar ya dawo a ƙasa. Ban tambaya ba, shi ma bai faɗa ba. Daga ranar har shekara biyu da ƙafa yake zuwa makarantarsu, yana cewa likita ya ce tafiya na da amfani, alhali ba likitan da ya gani. Ya sa aka yi zane, ya kai ofis, ya biya da kuɗin babur ɗin. Malam Lawal ya zo da kansa da masu awo, suka ja tef daga bango zuwa bango, suka duba bayi, suka ce a juya kwatar ta bi ta wancan gefen don kada ta shiga gidan maƙwabcinmu. Gaskiyarsu ce, da ta shiga. Na kawo musu ruwa ina sunkuyar da kai. Malam Lawal ya dubi ƙofar da aka sake buɗewa, ya dube ni, ya ce, "Madalla," ya ci gaba da rubutunsa. Na ga babanku ya je wurin mai unguwa sau biyu a satin nan, na ɗauka maganar kwatar ce.

Sati uku da kwana huɗu abin ya ɗauka, na ƙirga su ɗaya bayan ɗaya. A cikinsu an yi ruwa sau shida. Duk ruwan da aka yi sai na kira Kawu, duk kiran sai ya ce ɗakin girkin yana yoyo ta gefe ɗaya, tana matsar da tabarma. Na aika mata an buɗe ƙofa, na aika da ban haƙuri, na aika da leda babba ta rufa. Ledar kaɗai ta karɓa. Ranar da aka zo aka goge jan fentin aka rubuta lamba da shuɗi a saman ƙofar, na tsaya ina kallonta ba tare da murna ba. Ga ƙofa, ga lamba, ga izini, mai ɗakin ta ƙi zuwa.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci babanku ya ce zai je Birchi. Tunda muka yi aure bai taɓa zuwa shi kaɗai ba. Na ce in shirya mu tafi tare, ya ce in zauna. Ya dawo kafin magariba, ƙafar wandonsa duk taɓo.

"Ka gan ta?"

"Daga bayan darnin kara na gaishe ta. Kawu ya isar da saƙo."

"Me ta ce?"

"Ta ce a gaida Ummi."

Ranar Lahadi da hantsi ina wanki na ji kukan akuya a lungu. Na ɗauka na maƙwabta ne, sai na ji muryar Kawu yana cewa direba ya yi hankali da tukunyar. Na leƙa ta 'yar ƙofar ciki, hannuna duk kumfa. Daga cikin ɗakin ina jin ana lalubar ƙofar waje. Kawu ya sa mata makulli a hannu, ta daɗe tana neman ramin kwaɗon, ba wanda ya taimaka mata, don ta hana. Sai ƙofar ta buɗe, haske ya shigo, Inna ta shigo a bayansa da butarta. Ta tsaya a tsakiyar ɗakin, ta juya fuskarta wajen taga.

"Buba, ka ce mata ta ara mani tsintsiya. Maginin nan ya bar ƙasa a kusurwa."

Ban san yadda zan kwatanta maki abin da na ji ba. Kamar na yi wata guda ina ɗauke da tulu a ka, ban san nauyinsa ba sai da aka sauke mani. Na kawo tsintsiya, na kawo tabarma, na kawo abin da ba a ma tambaya ba. Da la'asar hadari ya haɗu, kuma karo na farko a shekarar nan na ji daɗin ganinsa. Ruwa ya sauko kan kwanon, muna zaune mu uku, ni da ita da ke. Ta saurara na ɗan lokaci.

"Kwanon nan surutu gare shi," ta ce. "Soro ba ya haka."

Ba Kawu a wurin, ya riga ya tafi. Da ni take.

Shekara shida ta yi a ɗakin nan, kin tuna na ƙarshensu. Na shuka lallen, ya kama. An yi mata aikin ido ɗaya ta dawo tana gane fuskokinku. Babanku bai taɓa bi ta ƙofar ciki ba ko sau ɗaya. Kullum da safe zai fita ta zaure, ya zagaya lungu, ya durƙusa a bakin ƙofarta ya gaishe ta kamar maƙwabci, ita kuma ta amsa daga bayan labule. Duk shekara in lokacin haraji ya yi, shi yake zuwa ofis da kansa ya biya na ƙofa biyu, bai taɓa aike na ba. Ni kuwa ta 'yar ƙofar ciki nake faɗa mata kowane lokaci, ba sallama ba komai, in ɗebi gishirinta, in kwanta a gadonta in ce kaina ke ciwo. Takan ce maki, "Gaya ma uwarki nan ba kasuwa ba ce," amma ba ta taɓa sa sakata ba. Duk shekarun nan na ɗauka faɗuwar soron da buɗe ƙofar ne suka kawo ta.

Bayan rasuwarta da kwana arba'in muka buɗe akwatinta na ƙarfe ni da Kawu Buba. A ƙasan zannuwa, tare da carbin kakanku, akwai wani abu a naɗe cikin leda, an sake naɗe shi da tsumma mai tsabta. Takardu biyu ne. Ɗaya izinin ginin ce mai hatimin ofis, da lambar nan ta shuɗi. A gurbin sunan mai gida ba sunan babanku ba ne, sunan Inna ne. Ɗayar ta mai unguwa ce da shaidu biyu, cewa babanku ya yanke wannan kusurwa ta filinsa ya ba ta kyauta, halak malak. A ƙasa ga dangwalen babban yatsanta.

Kawu ya ga yadda nake kallon takardar, ya gyara zama.

"Ai ko da aka buɗe ƙofar cewa ta yi ba ta zuwa. Ta ce wanda ya toshe jiya yana iya toshewa gobe, tunda bangonshi ne. Shi ne mijinki ya zo ran Juma'ar nan da waɗannan. Ya tsaya bayan darni cikin taɓo, na karanta mata. Ya ce tunda hukuma ta ce gida ne, to gida ne, kuma nata ne, ba mai taɓa ƙofar sai da izininta."

"Kawu, shekara shida. Me ya sa ba wanda ya gaya mani?"

"Ita ta hana. Sharaɗin da ta sa ke nan kafin ta dangwala." Ya naɗe takardun yadda ya same su, ya miƙo mani. "Ta ce in kin san gidanta ne, za ki fara yi mata sallama."